Faifan Jirgi, Gefe Na Biyu

Shekara goma sha shida ke nan tana riƙe da shagon ita kaɗai, amma har yau ba wanda yake ce mata Mai Hoto. 'Yar Mai Hoto ake ce mata. Har yaran da aka haifa bayan mahaifinta ya daina fitowa shago haka suke kiranta, ita kuwa ba ta taɓa gyara wa kowa ba. In wani mai shisshigi ya ce ai yanzu sunan ya zama nata, sai ta ce ba ƙarya aka yi mata ba, a ci gaba da yadda aka saba.

Shagon a jikin gidansu yake, ƙofa ɗaya tana kallon titi, ɗaya tana buɗewa cikin tsakar gida. Ciki babu wani abin kallo: farin yadi a bango, kujera mai gajeriyar ƙafa da aka yi wa ciko da kwali, madubi, mataji, kwamfuta da injin buga hoto. Sai wata baƙar kwat ta mahaifinta a rataye a ƙusa, wadda masu neman aiki suke ara su saka a ɗauke su. Kwat ɗin nan ta samu aiki a banki, ta samu a asibiti, har a jirgin ƙasa ta samu, duk ba ta bar ƙusarta ba. Hoton fasfo shi ne yawancin aikin yanzu, tunda kowa yana yawo da kyamara a aljihu. Ita ba ta cewa mutum ya saki fuska, don ta lura wanda aka ce ya saki fuska yaƙe yake yi. Sai ta tambaye shi wa ya ɗinka masa rigar nan mai kyau, kafin ya ba da amsa fuskar ta saki da kanta, ta danna. Da rana takan rufe ta shiga ciki su ci abinci da Mama, da yamma mijinta, malamin makaranta, ya biyo da babur ya ɗauke ta. Rayuwa ce da take jin daɗinta, kuma ba ta ɓoye wa kowa.

Abu ɗaya ne yake tsaye mata a rai. Mutumin da ya shafe shekara talatin da wani abu yana ɗaukar hoton jama'a ya rasu bai bar hotonsa ko ɗaya ba. In aka ce ya tsaya, sai ya ce wurin mai hoto bayan kyamara ne, mai son ganinsa ya zo shago. Da wayoyi suka zo, ana ɗaga masa waya zai tare da tafin hannu. Katin shaidarsa kaɗai ke da fuskarsa, shi ma wani ma'aikaci marar tausayi ya dankara hatimi daidai kan hancin. Shekara biyu da rasuwarsa, tana iya tuna hannunsa da faratan da ruwan maganin wankin hoto ya rina, tana tuna tarinsa na safe da ƙeyarsa in ya sunkuya kan kyamara. Fuskar ce ba ta tsayawa in ta rufe ido. Wannan abin yana ba ta tsoro, ba ta kuma gaya wa kowa ba, ko mijinta.

Ruwan sama ne ya sa dole aka buɗe ɗakinsa, don rufin ya fara yoyo daidai kan gado. Ranar tana da 'yan makaranta wajen sittin a layi, kowa yana son fasfo na jarrabawa, shi ya sa Auta, ƙaninta mai aski, ya karɓi aikin kwashe kaya. Auta mutum ne mai saurin hannu da saurin yanke hukunci, kuma sana'arsa ta koya masa cewa abin da aka riga aka yanke sai dai haƙuri.

A ƙarƙashin gadon ya jawo akwatunan katako biyu cike da faya-fayan garmaho, tamanin da bakwai cif. Duk gidan an san su. Baba ya tara su ɗaya bayan ɗaya daga hannun masu kayan gwanjo, yawancinsu da yarukan da ko gaisuwa bai iya da su ba. Tunda ba ya iya karanta sunayen, sai ya riƙa kiran kowanne da hoton da ke kan kwalinsa: akwai Mata Uku, akwai Mai Gashin Baki, akwai Doki, akwai Jirgi. Da ƙararsu ta girma. In kiɗa yana fitowa daga 'yar ƙuryar da ke bayan shago, an san Baba yana wankin hoto, ba a ƙwanƙwasa ƙofa ko gobara ake yi.

Auta ya zauna ya ɗaga kowane faifai a rana, ya raba su kashi biyu. Masu sheƙi, marasa ko ɗigon tabo, ya goge su ya jera a kabad cikin girmamawa, yana cewa waɗannan su ne Baba ya fi so, shi ya sa ya adana su haka. Waɗanda suka sha jiki, kowanne da zane a fuskarsa, ya ce sun mutu. Kwalayensu da ruwa ya jiƙa ya zubar, su kuma ya kwashe ya kai shagonsa ya kafa a bango don ado, ya raba wa maƙwabta sauran. Da ta rufe shago ta shigo an gama komai, har an share ɗakin. Ta ga kamar an yi daidai, ta ma yi masa sannu da aiki.

Garmahon kansa yana nan, akwati guda mai murfi, amma ya daɗe da yin shiru. Suka ɗauka suka kai wa Mai Rediyo, maƙwabcin shago, tsoho mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Ya yi murna kamar an kawo masa ɗan'uwa daga tafiya, don ya gaji da gyaran caja da fitilar hannu. Kwana huɗu ya samo allura, ya yanka bel ɗin juya faifai daga wata roba, garmaho ya juya.

Daga nan ta ɗauki al'adar sa faifai ɗaya kullum bayan cin abincin rana, ita a kan tabarma, Mama a kujerarta tana tsince wake. Ta yi zaton tana ɗora allura ƙuruciyarta za ta shigo ɗakin. Na farko wani mutum ne ya yi ta magana har gefen ya ƙare, ba kiɗa ba waƙa, sai ya tsaya kamar yana jiran a maimaita. Na biyu kiɗan sojoji ne. Na uku kukan tsuntsaye ne zalla, har kajin gidan suka ɗaga kai. Akwai masu daɗi a ciki, ba ta musa ba: wata mata mai murya kamar tana lallashin jariri, wasu maza huɗu da ba sa amfani da kayan kiɗa sai baki. Ta ji daɗinsu yadda ake jin daɗin hirar baƙo a mota. Amma ko ɗaya ba ta sani ba. Ta kai faifai na goma sha biyu tana mamakin ko ita ce ta manta, ko kuwa wani Baban ne daban yake zaune a cikin kabad.

Ranar faifai na goma sha uku Mai Rediyo ya leƙo da wani ƙaramin gwangwani a hannu. Ya ce a cikin akwatin garmahon ya same shi, a maƙale bayan lasifika, ya ajiye a aljihun tebur ya manta. Ta buɗe. Fim ne na da, irin mai naɗin takarda, an ɗaure shi da filasta, ba a wanke ba. A jikin filastar da rubutun Baba, mai karkata hagu: "Nata. Jirgi, gefe na biyu."

Nan take ta gane shi. Tana 'yar shekara tara, wata safiya Baba ya sa sabon fim a kyamarar nan da ake leƙawa ta sama, ya ajiye a kan tebur ya juya yana gyara yadin bango. Ta hau kujera ta leƙa, ta gan shi ƙarami a cikin gilashin, ta kira shi, yana juyowa ta danna. Abin da ta riƙe shi ne ya miƙo hannu ya karɓe kyamarar, ya murɗe fim ɗin gaba ɗaya ya cire. Ta ruga cikin gida tana kuka. Tun daga ranar ta sa a ranta cewa ta ɓata masa fim guda, kuma ba ya son hannunta a kayansa. Ko da ta girma ta karɓi shagon, lokacin an koma kwamfuta, kullum tana jin kamar aro aka ba ta saboda Auta ya ƙi.

Ta nuna wa Mama. Mama ta goge hannu, ta juya fim ɗin, ta ce ashe yana nan. Ta ce cewa Baba ya yi zai ajiye sai yarinyar ta girma ta wanke da hannunta. Sai hoto mai kala ya zo, sai kwamfuta ta zo, ɗakin wanki ya koma wurin ajiye buhuna da tsohuwar katifa, magana ta bi ruwa. 'Yar Mai Hoto ta ce ta gane wannan, amma me ya haɗa fim da faifan Jirgi, ko shi ake ji ranar?

Mama ta dube ta kamar yau ta fara ganinta. "Ke duk zamanki a gidan nan kin ɗauka kiɗa yake ji? Agogonsa ke nan."

Sai ta warware mata. Fim ba ya son haske ko na ƙwayar ashana, a duhu ƙirin ake wanke shi, kuma in ya wuce lokacinsa a ruwan magani ya ƙone, in bai kai ba ya fito fari fat. Farkon aurensu Baba ya sayi agogo mai haske a duhu, hasken ya lalata masa hotunan wasu mutane da suka zo daga nesa, ya yi wata guda yana sunkuyar da kai a titi. Daga nan ya jefar da agogon ya koma faifai. Kowane irin fim da faifansa. Yakan ɗauki allurar ɗinkinta, ba tare da ya tambaya ba, ya ja zane siriri a daidai inda yake so. In allurar garmaho ta iso wurin sai a ji ƙas, ƙas, ƙas, shi ne ya san lokacin cirewa ya yi.

"Waɗanda ƙaninki ya ce sun mutu, su ne suka ciyar da ku," in ji Mama. "Waɗannan na kabad ɗin sau ɗaya ya sa su, bai ga amfaninsu ba."

'Yar Mai Hoto ta tambaye ta me ya sa ba ta faɗa ba ranar da ake rabo. Mama ta ce wa ya tambaye ta, kowa ya zama malami a kan kayan mijinta, ita kuma ta zuba ido.

'Yar Mai Hoto ta rufe shago ta tafi wajen Auta. Faya-fayai ashirin da shida a bango, wasu rana ta taga ta riga ta lanƙwasa su kamar ganye. Ba kwali, ba yadda za a san wanne ne Jirgi. Auta yana tsaye da almakashi, kunya ta hana shi haɗa ido da ita, sai cewa yake ai da an gaya masa. Suka sauke duka, suka bi gidajen maƙwabta suka karɓo guda tara, ɗaya an riga an yi wa tukunyar fure matashi da shi. Kwana uku tana sa su ɗaya bayan ɗaya. Wannan karon kuwa ƙuruciyar ta shigo, har da takalminta. Mata Uku na farawa ta ji warin ruwan magani a hancinta. Da Doki ya kai tsakiya bakinta ya riga allura yin ƙas. Ta yi dariya, ta share hawaye, ta sake sawa. Amma duk wanda ta ɗora, Mama sai ta girgiza kai ta ce ba shi ba ne.

Rana ta huɗu Mama ta ce ta je kicin ta ɗauko mata ruwa a bokitin sha. Ta je za ta ɗaga murfi, sai ta ga murfin baƙi ne, zagayayye, an toshe hudar tsakiyarsa da ɗan ƙyalle. Ta tsaya riƙe da shi. Ta fito ta tarar Mama tana tsintar wakenta kamar ba ita ba.

Mama ta ce ita dai ta ga yana da faɗi, murfin bokitin kuma ya fashe. Da aka matsa mata sai ta ce to, cikin duka shi ne ya fi damunta, shekara ashirin da biyar tana jin sa ta bangon kicin, shi ya sa da ta ga Auta zai fita da shi ta zare. Ta ce ta so ta ga ko za su neme shi da gaske ne, ko irin neman yaran yanzu. Sanyin ruwa da inuwar kicin sun sa bai lanƙwashe ba ko kaɗan. A gefe na biyu ga zane biyu nan sirara, ɗaya kusa da baki, ɗaya can ciki.

Saura ruwan magani. Akwai wani tsohon abokin Baba da ya yi aiki a ɗakin hoton ƙashi na asibiti, yanzu ya ajiye aiki yana sayar da kayan wanke irin wannan hoto a wani lungu cikin kasuwa. Daga wajensa Baba yake saye tun da can. Ya ba ta kwalba biyu, ya ce ta nemi kofin silba mai zane a ciki, da shi babanta yake awo, kofi ɗaya na magani, huɗu na ruwa. Ta tambaye shi minti nawa. Ya ce bai sani ba, shi bai taɓa ganin agogo a ɗakin mutumin nan ba. Ya kuma gaya mata gaskiya: fim ɗin ya haura shekara talatin, zai iya fitowa hazo kawai, kuma sau ɗaya ake wankewa, ba a sakewa. Kofin yana nan, Mama tana awon shinkafa da shi.

Suka fitar da buhuna da katifa daga ƙuryar, ta toshe taga da kwali da bargo, ta cusa tsumma a ƙasan ƙofa. Mai Rediyo ya shigar da garmaho, ya liƙe 'yar fitilarsa da baƙar filasta. Da aka ɗora Jirgi, wata mata ta fara waƙa da wani yare mai taushi, ƙahoni suna amsa mata. Mama daga kicin ta ce a tsaya, matar nan ba haka muryarta take ba, an mai da ita yarinya. Sabon bel ɗin ya sa faifan yana gudu. Mai Rediyo ya murɗa wani ƙaramin sukuru, Mama ta ce yanzu kuma ta zama kakar wani. Haka aka yi ta yi, shi yana murɗawa ita tana gyara daga bayan bango, har ta ce yauwa, ga ta nan. Wadda ta ce waƙar ta dame ta, sai ga shi ba harafi ɗaya da ba ta riƙe ba, alhali ba ta san ko zagi ake yi a ciki ba.

Kwana biyu 'Yar Mai Hoto tana gwaji da tsiri na takarda, ido a rufe: ta riƙe baki biyu, ta tsoma tsakiya a tire, hannu ɗaya ya hau ɗaya ya sauka. Tire uku a jere, magani, ruwa, sai maganin da yake kama hoton kada ya gudu. Auta ya kawo shawara mai kyau, wataƙila ta farko a shekarar. Ya ce a auna lokacin da waya, a san minti nawa ne kafin ƙas ɗin farko, ko da wani abu zai faru. Ta ce ba a rubuta waya a jikin filastar ba. Taurin kan nan gado ne, kuma ba daga wajen Mama kaɗai ba. Auta ya ɗaga kafaɗa ya tafi shagonsa.

Ran Talata da hantsi ta rataya kwali a ƙofar shago cewa a dawo bayan awa ɗaya. Ta shiga ƙuryar ta rufe, ta tsaya har ta tabbata ba ta ganin tafin hannunta. Ta ɓalle filastar, ta warware takardar, ta ji fim ɗin a yatsunta, sanyi, yana son naɗewa. Ta laluba ta ɗora allura, ta tsoma. Waƙar farko ta tafi lafiya, hannu yana hawa yana sauka, zufa tana bin bayanta. Ta ji daɗin da ba ta zata ba. Nan Baba ya tsaya, haka ya yi, wannan duhun ya sha shekara da shekaru yana ciyar da su.

Waƙa ta biyu ta fara ke nan, muryar matar ta yi ƙasa, ta ja, ta mutu. An ɗauke wuta.

Ba ta tsayar da hannu ba. Ta san ƙas ɗin yana cikin waƙar nan, bayan ƙaho, sai dai ba ta san saura nawa ba. In ta cire yanzu zai iya fitowa fari, in ta jira zai iya ƙonewa. Ba halin buɗe ƙofa. Ta tuna wayar Auta, ta ji haushin kanta kamar ta yi ihu.

Sai ta ji murya a jikin ƙofa. Mama ce, ta ɗauka daidai inda matar ta ajiye, da yaren da ba nata ba, ba sauri ba nawa. Muryar ta tsufa, tana rawa a wurin hawa, amma ba ta kauce ba. Da aka zo wurin ƙaho ma ba ta tsallake ba, da hanci ta yi shi, sau biyu kamar yadda yake a faifan. 'Yar Mai Hoto tana dariya a duhu, hawaye yana sauka ba hannun sharewa. Ana gama ƙahon aka buga ƙofa da cokali, ƙas, ƙas, ƙas.

Ta ɗaga fim ɗin ta kai tire na biyu. Mama ta ci gaba, waƙa ta uku, ta sake buga cokali, 'Yar Mai Hoto ta kai fim ɗin tire na uku. Daga nan ba sauran haɗari sosai, amma Mama ba ta yarda ta yanke ba sai da ta kai ƙarshen gefen, tana haki.

Da 'Yar Mai Hoto ta buɗe ƙofa ta tarar da Mama zaune a kan turmi, cokali a hannu. Mama ta ce ba yau ta fara ba, a zamaninsu ma ana ɗauke wuta, wa take tsammani yake ƙarasa wa babanta waƙar? Ta ce shi ma haka yake fitowa yana dariyar ƙahon.

'Yar Mai Hoto ta ɗauraye fim ɗin ta fito da shi tsakar gida, ta ɗaga a rana. Gida na farko, wato gurbin hoto ɗaya a jikin fim ɗin, babu komai, sai hazo. Na biyu haka. Na uku, na huɗu, na biyar. Ta bi su da ido har goma sha ɗaya. Ashe daga wutsiya ta faro. A can ƙarshe, kusa da yatsunta, ga hoto ɗaya: dodon hoto, mutum fari da baƙaƙen haƙora, a karkace.

Mama ta leƙa, ba hoton ta fara kallo ba, gidajen da ba komai ta ƙirga. Ta ce mutumin da yake tara guntun takardar hoto a cikin ambulan don kada a yi asara, shi ne ya bar gida goma sha ɗaya a banza. Ta ce ranar ta yi masa magana, ya ce ba zai haɗa aikin 'yarsa na farko da fuskokin mutane ba.

Wuta ba ta dawo ba sai bayan azahar, lokacin fim ɗin ya bushe a igiyar shanya tsakanin zanin Mama da tawul. 'Yar Mai Hoto ta ɗauke shi a kwamfuta ta juya baƙi ya koma fari. Hoton bai yi kyau ba, in dai don aiki ne da ta ce a sake. Yana da hazo, ya karkata, saman kan ya ɗan yanke. Amma ga shi nan, yana ƙasa da shekarunta na yanzu, ya juyo, hannu a miƙe wajen kyamara. Dariya yake yi, irin wadda take rufe masa ido ɗaya. Shekara talatin da biyu tana tuna hannun, ba ta taɓa ɗaga kai ta ga fuskar ba, don ta riga ta ruga. Ta daɗe a zaune, ta ji wani nauyi da ta saba da shi ya sauka, ta kuma ji kewarsa sabuwa fil.

Ta buga babba ɗaya ta kai wa Mama. Mama ta sa tabarau, ta matsa bakin ƙofa wajen haske, ta ƙura wa hoton ido har 'yarta ta fara tunanin ko ta karɓe. Can ta nuna da ɗan yatsa ta ce ga maɓallin nan da ya cire, sati guda tana cewa ya kawo rigar ta ɗinke masa, ashe da shi zai shiga tarihi.

Tun rasuwarsa Mama ba ta sake furta sunan da take kiransa da shi ba, sai dai ta ce babanku. 'Yar Mai Hoto ta juya za ta koma shago, don an fara ƙwanƙwasa ƙofar titi, sai ta ji daga bayanta:

"Mai Hoto, ki buga mini ƙarami, wanda zai shiga jaka."

Ta tsaya a bakin ƙofa, don sunan ke nan. Ba kowa a tsakar gidan sai su biyu da kaji. Ta ce to, Mama, ta shiga ta sa takarda a injin.